Haƙori zai iya nuna namiji ne ko mace?

Malam, ka tambaya ko za a gane jinsin mamaci in haƙora kaɗai suka rage. Ƙwarai kuwa. Haƙori ya fi komai tauri a jiki, don haka DNA, wato sinadarin gado, da ke cikin ɓargonsa da saiwarsa yakan daɗe, musamman a turame.

A ɗakin gwaji ana duba ƙwayar gado mai suna amelogenin: ta mace na nuna X kaɗai, ta namiji X da Y (X da Y su ne ƙunshin gado masu bambanta jinsi). Amma wasu maza ƙalilan ba su da amelogenin a Y ɗinsu, sai gwajin ya nuna su kamar mata, shi ya sa ake ƙara gwajin SRY, wata ƙwayar gado da ke kan Y.

Kada a wanke haƙorin, kada a taɓa shi ba safar hannu, don DNA ɗin mai taɓawa na iya gauraya da nasa. A bar shi inda yake, a kira 'yan sanda da likitan binciken gawa.