Amsa kan alt-right: su ne 'yan Republican ko dabam suke?

Salamu alaikum. Malam na ga tambayarka tun jiya da daddare, wai su waye ake ce wa alt-right a Amurka, kuma shin su ne dai masu ra'ayin mazan jiya na jam'iyyar Republican aka sake musu suna, har ka ƙara da cewa in dai suna adawa da auren jinsi da zubar da ciki ai kusan namu ne. Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni wucewa. Ni ba malamin siyasa ba ne, direban tirela ne, amma ina jihar Ohio tun 2013 kuma duk wannan dambarwar a kan idona aka yi ta, na ci abinci da waɗannan na ci da waɗancan.

A gajarce dai kama da wane ba ta wane. Bari in ba ka mutum biyu da na yi aiki da su a wani sito kafin in samu lasisin babbar mota, za ka fi ganewa.

Na farko oganmu ne na aikin dare, wani dattijo farar fata tsohon soja. Coci duk Lahadi, bindiga a cikin mota, hoton tsohon shugaban ƙasa Ronald Reagan a manne jikin lokarsa, kuma a cewarsa tunda yake bai taɓa zaɓen ɗan Democrat ba. Abin da yake so a bayyane yake, a rage haraji, gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa da aljihun mutane, kar a taɓa musu bindiga, a hana zubar da ciki, a ƙarfafa soja, a mara wa Isra'ila baya, duk wanda zai shigo ƙasar ya biyo ta ƙofa. Mun sha musu da shi kan Falasɗinu har muryoyinmu su tashi. Amma shi ne ya share min wani lungu bayan tulin kaya ya shimfiɗa min kwali ya ce nan ne wurin sallarka, duk wanda ya dame ka ka gaya min. Ranar da na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa kuwa ya kira ni a waya ya ce to yanzu ni da kai ɗaya muke a Amurka. A wurinsa ƙasar tsarin mulki ce da tuta, in ka yarda da su ka shigo. Wannan shi ne ɗan mazan jiya na gidi.

Na biyun wani yaro ne da bai wuce shekara 22 ba a lokacin, wajen 2016. Ba ya coci, ba ruwansa da maganar haraji, kullum kai a sunkuye kan waya yana dariya shi kaɗai. Wata rana lokacin hutu na leƙa sai na ga hoton wani koren kwaɗo an sa masa hular sojan Hitila, na ce meye wannan, ya ce wasa ne kawai. Komai wasa ne a wurinsu, kuma da gangan ne, in ka ji haushi su ce ba ka san raha ba, in ka yi dariya su ƙara maka wadda ta fi ta muni. Bai taɓa zagina ba wallahi, cikin ladabi yake magana. Cewa ya yi ni fa ba na ƙin ka, amma Jafan ta Jafanawa ce, Najeriya taku ce, don me mu farar fata ba za mu samu tamu ƙasar ba? Na ce to baƙaƙen da aka kawo kakanninsu cikin sarƙa tun 1619 fa, da 'yan asalin ƙasar da kuka tarar, ina za a kai su? Sai ya ce ai za a iya rabuwa cikin lumana. Na nuna masa katina na zama na ce wannan fa? Ya ce takarda ce, ita kuwa takarda ba ta canza jini. Kaga alt-right ke nan a dunƙule, launin fata ne ƙasa, jini ne shaidar zama ɗan ƙasa, sannan a ƙarshen kowace hira sai an ɗora wa Yahudawa laifin komai.

Abin da zai ba ka mamaki, yaron nan ya fi tsanar dattijon a kan 'yan Democrat. 'Yan alt-right suna da wani zagi da suka yayata a 2015 da suke jifan 'yan mazan jiya da shi, ma'anarsa kusan abin da malamanmu ke kira dayyus, wato mutumin da ke zaune ana shiga gidansa ba ya kishi. Wai sun tsaya lissafin haraji baƙi suna cinye ƙasar. Shi sunan ma daga nan ya fito, alt ɗin gajarta kalmar Turanci alternative ce, ma'ana madadi, wato madadin 'yan dama (masu ra'ayin mazan jiya) na gargajiya. Wani malamin jami'a Paul Gottfried ya yi amfani da irin wannan lafazin a 2008, sai Richard Spencer ya buɗe shafin intanet da sunan a 2010 ya tallata shi. Spencer ɗin nan ɗan boko ne mai kwat da gyararren gashi, dabararsa ke nan, a cire farar rigar nan ta Ku Klux Klan, tsohuwar ƙungiyar 'yan wariyar launin fata, a sa kwat, a daina cewa mun fi ku a koma cewa muna kare asalinmu.

Kuma ba ƙungiya ba ce mai ofis da katin mamba da shugaba. Taron yara ne marasa suna a shafuka irin su 4chan da 8chan da Reddit da Twitter, da yawa ta hanyar wasannin bidiyo suka shiga, musamman bayan rigimar Gamergate ta 2014 da aka yi ta cin zarafin mata a intanet. Shi kansa kwaɗon, Pepe, zanen barkwanci ne na wani bawan Allah da ba ruwansa da siyasa, suka ƙwace, har wata ƙungiyar Yahudawan Amurka ta sa shi cikin alamomin ƙiyayya a 2016.

To ina alaƙar take? Nan ne wurin da ake yi wa juna ƙarya ta ɓangare biyu. 'Yan hagu su ce duk ɗaya ne, 'yan dama su ce ba mu ma san su ba. Gaskiyar ita ce akwai katanga a tsakani amma katangar da ƙofa. Tun da can 'yan mazan jiya suna da masu gadin ƙofar, William Buckley wanda ya kafa mujallar National Review a 1955 shi ya fito a 1962 ya yi fatali da shugaban ƙungiyar John Birch ta masu tsattsauran ra'ayin dama saboda tatsuniyoyin makirci da yake yaɗawa. A da in manyan mujallu da gidajen talabijin suka rufe maka ƙofa shike nan ka mutu a siyasa. Intanet ce ta zo ta sa mai gadi ya zama ba shi da amfani, kowa na tsallakowa ta katanga. Ita wannan National Review ɗin a Janairun 2016 ta fitar da bugu guda sukutum na adawa da Trump, bai hana komai ba.

Shi Trump ba ɗan alt-right ba ne, kuma mafi yawan miliyoyin da suka zaɓe shi ba su taɓa jin sunan Spencer ba. Amma da ya zo da maganar gina katanga a iyakar Meziko da hana Musulmi shigowa sai yaran nan suka ce mun samu namu. Steve Bannon na shafin labarai na Breitbart da bakinsa ya ce wa wata 'yar jarida shafinsu dandalin alt-right ne, a watan Agustan 2016 kuma ya zama shugaban kamfen ɗin Trump. A watan ne Hillary Clinton ta yi jawabi a birnin Reno ta kira sunansu, ta zaci tona musu asiri take, su kuwa murna suka yi an yi musu talla kyauta. Bayan zaɓe a Nuwamba Spencer ya yi taro a Washington yana kirarin jinjina ga Trump wasu na ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi, Trump ya ce ya barranta da su, a Fabrairun 2017 kuma aka kori Spencer daga babban taron 'yan mazan jiya na CPAC.

Sai Charlottesville ta jihar Virginia, 11 da 12 ga Agustan 2017. Suka fito daga bayan kwamfuta wai kare gunkin Robert E. Lee, janar ɗin 'yan kudu masu bayi, suna riƙe da wutar jiniya cikin dare suna ihun Yahudawa ba za su maye gurbinmu ba. Washegari wani yaro ɗan shekara 20 daga nan Ohio ɗinmu ya afka wa masu adawa da su da mota ya kashe Heather Heyer mai shekara 32, yanzu yana ɗaurin rai da rai. Ranar matata ta hana ni fita. Manyan 'yan Republican da yawa sun yi tir da su kai tsaye. Trump ya ce akwai mutanen kirki a kowane ɓangare, ko da yake a cikin zancen ya ce ba 'yan Nazi yake nufi ba, su a la'ance su gaba ɗaya, har yau ana musu kan wannan. Daga nan abin ya watse, aka gano fuskokinsu aka kore su daga aiki, kamfanoni suka rufe musu shafuka, a 2021 kotu ta ɗora wa masu shirya taron diyyar da ta haura dala miliyan 25. Yau da wuya ka ji wani ya kira kansa alt-right.

Sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba. Akwai wata aƙida da wani Bafaranshe Renaud Camus ya raɗa wa suna Great Replacement, wato babban maye gurbi, a 2011, cewa wai da gangan manya ke shigo da Musulmi da baƙaƙe su maye gurbin farar fata. Wanda ya shiga masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 ya kashe mutum 51 yana haskawa kai tsaye a Facebook, sunan wannan aƙidar ya sa wa takardar da ya bari. Wanda ya kashe baƙaƙe 10 a wani kanti a Buffalo a Mayun 2022 shi ma ita ya bi. Shi ya sa da ka ce kusan namu ne gabana ya faɗi, Malam mu ne fa waɗanda suke cewa ana kawowa. Ba addini ne ya dame su ba, Spencer da kansa ya ce bai yarda da Allah ba, kuma ba ya adawa da zubar da ciki tunda a lissafinsa yana rage haihuwar baƙaƙe. Da ɗan mazan jiya mai coci kana iya haɗuwa a kan tarbiyyar yara ku rabu a kan Gaza, da wancan kuwa ba inda za ku haɗu.

Yaron ban san inda yake ba yanzu, ya bar aiki tun kafin ni. Dattijon dai muna waya jefi jefi, ya yi ritaya. Kwanaki ina hanyar Indiana ya kira ni muna hirar iyakar Meziko sai na ji ya ce ai da gangan 'yan Democrat ke shigo da mutane don su maye gurbin masu zaɓe irinsa. A Fox News ya ji, mai gabatar da shiri Tucker Carlson ya sha faɗin irin haka tun 2021, an cire maganar launin fata da Yahudawa an bar ta zaɓe. Na ce Baba ka san daga bakin wa na fara jin kalmar nan? Yaron nan mai kwaɗo, wanda ke kiranka dayyus. Ya yi shiru, ya ce shi bai san wani Bafaranshe ba kuma shi ba launi yake nufi ba, doka yake nufi, kuma na yarda har ransa haka yake nufi. Sai ya ce ya yara, babbar ta shiga jami'a kuwa?