Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗiyata ta nace sai gasar ninƙaya

Tambaya: Salamu alaikum Tanti, ina gajiya ina iyali. Ni uwa ce daga Bukoki a nan Yamai, ɗiyata shekararta 11, tun hutun bara da kawunta ya kai su fisin, wato wurin iyo, ta liƙe ma ninƙaya, har mai koyar da su ya sa ta cikin ƴan gasa. To ranar gasarta ta farko sai ta faɗa ruwa kafin a ba da alama, aka fidda ta, ta yi ta kuka, ni kuma kunya ta kama ni gaban mutane na yi mata faɗa a hanya. Yanzu babanta ya ce a bari haka nan, kuɗin taksi ya yi yawa, ga kuma lekol, ita kuma ko tuwo ba ta son ci. Ni ko iyo ban iya ba Tanti, ta ina zan taimake ta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita. Ki fara da ba ta haƙuri kan faɗan nan, yau ɗin nan in da hali, don wallahi abin da ya same ta ya samu manya. A Olamfik na Sidni a 2000 ɗan Nijar ne Karim Bare ya tsaya tseren mita 100, su uku ne a rukunin, shi da wani ɗan Tajikistan suka faɗa ruwa kafin alama aka fidda su duka biyu, sai Eric Moussambani na Gini Ikwatoriyal ya yi iyon shi kaɗai duniya na kallo. Dokar ke nan, tashi ɗaya ne babu na biyu, kuma wanda ya riga alama yawanci zumuɗi ne ya yi mai yawa. Ki ba ta labarin nan da bakinki ta san ba ita ce farau ba.

Batun rashin iya iyo kuwa kada ya dame ki ko kaɗan, ni har na fi son haka, saboda iyayen da suka ɗan iya su ne ke tsayawa bakin fisin suna ihu ɗaga hannu, buga ƙafa, yaro ya rasa wa zai saurara tsakanin uba da malami. Gyaran hannu da numfashi da juyawa a bango aikin mai koyarwa ne. Naki shi ne ta iso kan lokaci, cikinta ba wayam ba, ta yi barci isasshe, yarinya mai shekarunta tana son awa 9 ko fiye a dare, kuma in ta ɗago kai daga ruwa ta hango ki zaune. In kun fito kada tambayar farko ta zama ta nawa kika zo, ki ce mata kin gaji ko, me za ki ci, sauran zancen ita da kanta za ta kawo shi.

Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne a ninƙaya agogo ake tsere da shi. Ki sayi ƙaramin kaye ki ba ta, duk sanda aka auna ta a mita 50 ta rubuta lokacin da kwanan wata da irin iyon, ko krol ne ko bras ko na baya ko papiyon, ta kuma rubuta girman fisin ɗin don na mita 25 ya fi ba da lokaci mai kyau a kan na mita 50, tunda ana ƙara samun bangon turawa. A shekara 11 wata ta riga ta yi tsawo wata ba ta fara ba, mai tsawon za ta yi ta cinyewa yanzu, bayan shekara biyu ko uku lissafin ya juye. Yarinyar da ta zo ta biyar amma ta rage sakan biyu a lokacinta na watan jiya ta ci gaba, kuma kayen nan ne za ki nuna ma babanta.

Shi Alhaji kuma yana da gaskiyarshi, taksi zuwa da dawowa sau uku a sati ba wasa ba ne. Ki nemi uwayen sauran yaran ku haɗa kai, yau wannan ta kai gobe waccan, kuma kada ki yarda a ruɗe ki da kaya masu tsada, riga ɗaya mai kyau, tabarau, hula da tawul sun isa. Lekol kuma a yi yarjejeniya a fili gabanta, in maki ya sauka a rage zuwa fisin, in jarrabawa ta matso a ɗan dakata. In zancen sutura ne ke cikin ranshi bai faɗa ba, a horo tana iya sa doguwa mai rufe jiki, a gasar hukuma ne dokar duniya ta ce rigar mata daga kafaɗa zuwa gwiwa, sai ku tambayi masu shirya gasar abin da suke karɓa tun kafin ranar. Ki tuna mai ma Roukaya Mahamane ta wakilci Nijar a ninƙaya a Riyo 2016 da kuma Tokiyo, ɗiyar wasu ce ita ma.

Abinci ba sai na kanti ba, kunu ko fura awa ɗaya ko biyu kafin ta shiga, in ta fito shinkafa da wake ko dambu da kopto, ƙwai in an samu. Ki ba ta gorar ruwan sha kullum, a cikin ruwa ma ana zufa ba a dai gani, balle zafin Afrilu da Mayu na Yamai. Lokacin hunturu ta goge kai da kunne sosai kafin ta fita iska.

Abu biyu kuma ba na sassauci a kansu. Kada ta je kogi wai ƙarin horo, ko da ta fi kowa iyawa, ruwan Isa yana da ja ga dorina ga tsargiya mai sa fitsarin jini. Sannan kada a bar ta ita kaɗai da wani babba a ɗakin canza kaya ko a mota, ko wane ne shi, ke ko yayarta ko wata uwa da kika yarda da ita ta kasance a wurin, kuma in wata rana ta ce kafaɗa na mata ciwo ko ba ta son zuwa, ki zaunar da ita ki ji dalili kafin ki ce ta ɗauki jakarta.