Yadda 'yan tsanan Toulon suka tashi daga makasa suka koma jarumai

Tambaya: Malam, barka da aiki. Tun ina yaro na taɓa kallon wani fim ɗin Amurka a kaset a gidan yayana, inda wasu 'yan tsana masu rai suke kashe mutane a wani otal. Ɗaya na da wuƙa a madadin hannu, wani kuma kansa kamar abin huda bango. Kwanan nan na ci karo da wani kashi a intanet, sai na ga 'yan tsanan nan su ne suke faɗa da aljanu suna kare mutane. Shin fim ɗaya ne kuwa? In shi ne, me ya juya su? Kuma me ya sa na baya-bayan nan suka fi na da muni, alhali fasaha gaba take yi? Da wanne ya kamata in fara?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Idonka bai yaudare ka ba, gida ɗaya ne. Sunan jerin Puppet Master, wato ubangidan 'yan tsana, na kamfanin Full Moon da Charles Band ya kafa. Wanda ka gani a gidan yayanka shi ne na farko, na 1989. Mai wuƙar sunansa Blade, farar fuska, baƙar riga da baƙar hula, hannu ɗaya wuƙa ɗaya ƙugiya. Mai kan huda bangon shi ne Tunneler. Wanda ka gani a intanet kuwa, da aljanu a ciki, ko dai na huɗu ne ko na biyar.

Kafin mu zo kan juyawarsu sai ka san a wace kasuwa aka haife su, don amsar tambayoyinka biyu na tsakiya a can take. Charles Band yana da wani kamfani kafin wannan, Empire Pictures, wanda ya fitar da fina-finan ban tsoro irin su Ghoulies da Re-Animator a 1985. Bashi ya karya kamfanin a 1988. Da Band ya sake tashi, sai ya daina kokawar neman gurbi a sinima, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Paramount su riƙa raba masa fina-finansa kai tsaye a kaset zuwa shagunan haya. Puppet Master shi ne ɗan farin wannan tsari, David Schmoeller ya ba da umarni, kuma bai bi ta sinima ba. Mai shagon haya ba ya neman fim ɗin da zai ci lambar yabo. Abin da yake so shi ne kwali mai jan ido da sunan da mutane suka riga suka sani, domin wanda ya ari na ɗaya zai dawo ya tambayi na biyu. Duk wanda ya san zamanin da fina-finan Kano suke fitowa a kaset da faifai, na ɗaya yau na biyu bayan 'yan makonni, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan.

A fim na farko, labarin ya buɗe a 1939 a otal ɗin Bodega Bay Inn da ke gaɓar teku a Kalifoniya. Wani tsoho mai sassaƙa 'yan tsana, André Toulon, ya mallaki wani sirri na tsohuwar Masar mai sa wa abin da ba shi da rai rai. 'Yan leƙen asirin Nazi suna tafe, sai ya ɓoye 'yan tsanansa cikin bango ya harbe kansa. Shekara hamsin bayan haka wasu masu ikirarin gani har hanji suka taru a otal ɗin, aka fara yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Blade da Tunneler, da Pinhead mai ƙaramin kai da manyan hannuwa, da Leech Woman mai amayar da matsattsaku, su ne masu aikin. Jester mai fuska kashi uku da ke juyawa ya fi zama ɗan kallo.

To amma ka sake duba ƙarshen fim ɗin, domin a nan irin juyawar ya faɗi ƙasa. Mugun da ke cikin labarin mutum ne, Neil Gallagher, wanda ya gano sirrin ya yi amfani da 'yan tsanan kamar karnukan farauta. Da ya wulaƙanta Jester ya yi jifa da shi, sauran suka juyo kansa suka yi masa kisan da ya fi na kowa muni a fim ɗin. A na biyu ma, wanda David Allen ya ba da umarni, haka aka yi. 'Yan tsanan suka tono gawar Toulon suka raya shi, suka yi ta kashe mutane suna tara masa sinadarin ƙwaƙwalwa da ake haɗa ruwan rai da shi, sai daga baya suka gane don kansa yake tarawa, ba don su ba. Shi ma suka gama da shi. Ka ga tun farko marubutan ba su gina su a matsayin masu mugunta don kansu ba. Bara ne mai bin ubangidansa, in ubangida ya ci amana ya ga abin da ya gani. Saboda haka ba sai an canza halinsu ba kafin su zama jarumai, ubangida kawai za a canza musu.

Abin da aka yi ke nan a na uku, Toulon's Revenge, na 1991, wanda David DeCoteau ya ba da umarni. Ni dai a ganina duk jerin babu kamarsa, kuma ba ni kaɗai ke faɗin haka ba. An koma baya zuwa Balin, babban birnin Jamus, ta zamanin Hitler. Toulon, wanda ɗan wasan Ingila Guy Rolfe ya fito a matsayinsa, yana nuna wa yara wasan 'yan tsana yana yi wa Hitler shaguɓe, da wani ɗan tsana kaboyi mai hannu shida da bindiga shida, Six-Shooter. 'Yan Nazi suka lura 'yan tsanan nan ba zare ke motsa su ba, suka zo neman sirrin don su tayar da matattun sojojinsu. Manjo Kraus, wanda Richard Lynch ya fito a matsayinsa, ya kashe Elsa matar Toulon. Daga nan fim ɗin ya zama na ramuwa, kuma a nan aka gaya mana cewa kowane ɗan tsana ran wani aminin Toulon ne da ya mutu. Ran Elsa ne ya shiga Leech Woman. Blade kuwa an sassaƙa shi da kamannin Kraus kansa. Da zarar ka san mai amayar da matsattsakun nan matar mutumin ce da aka harbe a gabansa, ba ka sake kallonta da ido ɗaya. Kisan da suke yi bai ragu da komai ba, wanda ake kashewa ne ya canza, kuma ba mai kallon da zai yi wa jami'in Gestapo, 'yan sandan asirin Nazi, kuka.

Wani abin dariya, tunda za ka fara bibiya: an ce labarin na uku a 1941 ya faru, alhali Toulon ya kashe kansa a 1939 a na farko. Kada ka wahalar da kanka wajen daidaita shekarun, su ma masu fim ɗin ba su wahalar da kansu ba.

Me ya sa kamfanin ya zaɓi wannan hanya? Domin 'yan tsanan su ne taurarin. Mutanen da ke fim na farko ba wanda ya riƙe sunansu, amma Blade kowa ya riƙe shi, shi ne a kan kwali, shi ne aka yi ta ƙera kwafinsa ana sayar wa masu tarawa. Ga mai ɗan ƙaramin jari babu tauraron da ya kai wanda ba ya tsufa, ba ya neman ƙarin kuɗi, in an gama aiki a mayar da shi akwati. Idan kuwa masu kallo sun riga sun ba da zuciyarsu ga makashi, hanya mafi sauƙi ta ci gaba da sayar da shi ita ce a samo masa abokin gaba da ya fi shi muni. Da farko 'yan Nazi, daga baya aljanu.

Na huɗu, na 1993, da na biyar, na 1994, Jeff Burr ne ya ba da umarninsu, kuma a jere aka ɗauke su don a rage kashe kuɗi: wuri ɗaya, 'yan wasa kusan ɗaya, kaset biyu. Wani matashin masanin kimiyya, Rick Myers, yana gadin otal ɗin yana bincikensa a kan ƙirƙirarriyar basira, sai ya tsinci akwatin 'yan tsanan. Can kuma wani aljani, Sutekh, wanda daga wajensa aka sato sirrin rayarwar, ya turo wasu ƙananan halittu masu farata su kashe duk wanda ya kusa gano shi. 'Yan tsanan suka tsaya wa Rick, aka ƙaro musu Decapitron mai canza kai, wanda ruhin Toulon ke magana ta bakinsa. A nan tsoro ya yi baya ƙwarai, har akwai wurin da Rick ke wasan harbi da bindigar haske da su kamar yaran unguwa. Na biyar an rubuta masa cewa shi ne babin ƙarshe, wanda ya zama abin zolaya, domin waɗanda suka biyo bayansa sun fi waɗanda suka gabace shi yawa.

Sai batun munin na baya, kuma nan ne na fi so ka fahimta. Kyawun fina-finan farko daga hannun David Allen da ma'aikatansa ya fito. Hanyar da suka bi wajen sa 'yan tsana tafiya ita ce a ɗan motsa gaɓa, a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsawa, a sake ɗauka. Fim na cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, ka lissafa abin da tafiyar daƙiƙa goma za ta ci. Aiki ne na haƙuri da ƙwarewa, kuma kuɗi yake ci, shi ya sa ko a lokacin ake tauna shi da tsantseni, a cike sauran wuraren da 'yan tsanan da ake motsawa da sanda ko waya daga inda kyamara ba ta gani, wani lokaci ma kyamarar ce kawai ake ja ƙasa-ƙasa kamar idon ɗan tsana yana gudu. Hannuwan Pinhead in an matso da su, hannuwan mutum ne. Da hulɗar Full Moon da Paramount ta ƙare a tsakiyar shekarun 1990, kuɗin ya tsinke, kuma abin da ya fara tafiya shi ne wannan aikin mai tsada. Allen kansa ya rasu a 1999. Fasahar kwamfuta ta ci gaba, gaskiya ne, amma mai kyau daga cikinta ba ta da arha, mai arhar kuma ta fi zaren da ake gani muni.

Shi ya sa a Curse of the Puppet Master na 1998 za ka ga an yanko motsin 'yan tsanan daga tsofaffin fina-finan an liƙa. Retro Puppet Master na 1999 a Romaniya aka ɗauke shi don sauƙin kuɗi, ya nuna ƙuruciyar Toulon a Faris a 1902 da yadda wani masihircin Masar ya koya masa sirrin. The Legacy na 2003 kuwa kusan dukansa tsofaffin fitowa ne aka jera, da 'yan mintuna na sabon abu, ba zan ce ka ɓata datarka a kansa ba. Akwai na 2004 da aka haɗa su faɗa da wasu mugayen kayan wasan yara, wanda aka yi wa tashar talabijin ta Sci Fi, kuma shi kansa Full Moon ba ya lissafa shi cikin asalin labarin. Daga baya aka koma wa 'yan Nazi da fim uku masu Axis a sunansu, a 2010 da 2012 da 2017, sannan aka ware wa Blade nasa a 2020.

Guda ɗaya ya fita daban, sai ka kula da shi. The Littlest Reich na 2018 wasu ne suka sabunta labarin daga tushe, suka mayar da Toulon ɗan Nazi, 'yan tsanan kuma makaman ƙiyayyarsa. Ya kife duk abin da na uku ya gina, kuma zubar da jinin da ke cikinsa ya wuce na sauran nesa ba kusa ba.

Game da inda za ka fara, ka bi yadda suka fito: na ɗaya, na biyu, na uku. Wasu za su ce ka bi shekarun labarin ka fara da Retro, ni ban yarda ba, domin daɗin na uku yana cikin ka riga ka ji tsoron 'yan tsanan kafin a gaya maka su wane ne. Na ɗaya yana da jan ƙafa a tsakiya, ka yi haƙuri da shi. In har kana da sauran sha'awa ka ɗora da na huɗu da na biyar a zama ɗaya, ka tsallake farkon na biyar tunda maimaicin na huɗu ne. Kuma duk da 'yan tsana ne a kan kwalin, ba na yara ba ne, akwai jini da tsiraici musamman a ukun farko. Ka bari sai gida ya yi barci. In kiɗan nan mai kama da na lilon yara ya tashi a farkon fim ɗin, Richard Band ne ya tsara shi, ƙanen Charles, ina kyautata zaton za ka tuna shi tun daga gidan yayanka.