Kare da rake, tuta da auta

Ɗana, ka tambaya me ya sa lambar kwamfuta (code) da ka rubuta don gane kalmomi biyu masu haruffa ɗaya da aka sauya musu wuri, kamar kare da rake, take aiki da Hausa amma ta rikice da Larabcin da abokan cinikinmu na nan Jidda ke shigarwa.

Kuskuren farko ma ba na Larabci ba ne. Ka yi amfani da set, mai ajiye kowane harafi sau ɗaya tak, shi kuwa ba ya ƙirga maimaici. Gwada tuta da auta: tsawonsu ɗaya, t da u da a ne a cikinsu, zai ce maka sun dace, alhali tuta tana da t biyu, auta tana da a biyu. Maimakon haka, a yaren kwamfuta na Python ka kwatanta sorted na kowacce, wato haruffanta a jere bi da bi, ko Counter daga collections, mai ƙirga sau nawa kowane harafi ya zo. Ni Counter na fi so, sau ɗaya yake bin kalma yana ƙirgawa.

Jerin gurbi 26 da ka tanada kuwa, ka watsar da shi. Na a zuwa z ne kawai. Ƙasa da saƙa za su karya shi, domin ƙ tana can U+0199 a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lamba, balle بحر da حرب.

Ainihin aikin yana wajen wanke rubutu kafin ƙirga. Wani zai rubuta بَحْر da wasali, wani ba wasali, kuma kowane wasali harafi ne mai zaman kansa a wurin kwamfuta. Sai ka fara da unicodedata.normalize da NFD, tsarin da ke raba harafi da alamar da ke haɗe da shi, ka zubar da duk abin da rukuninsa Mn ne, wato alamomin da ake ɗorawa a saman harafi ko ƙasansa. Fataha, kisira, rufu'a, shadda da sukun duk za su fita. Amma ka lura, NFD yana raba أ zuwa alif da hamza, hamzar ma za ta tafi. In ana son أ ta bambanta da ا, to ka tsaya ga NFC, tsarin da ke barin su a haɗe, ka cire U+064B zuwa U+0652 kaɗai, wato wasulan da shadda da sukun. Wannan hukuncin mai aikin ne, ka tambaye shi, kada ka yanke masa. Tatwil, jan layin nan na U+0640, ba Mn ba ne, da hannu ake cire shi. Haka ة da ه, normalize ba ya haɗa su.

Daga nan casefold, mai mayar da manyan haruffa ƙanana, cire sarari, sannan ka duba tsawo. In ka duba tsawo kafin wankewa, بَحْر da حرب za su faɗi tun daga ƙofa.