Kasarun mai jinya a Sakkwato bayan likita ya yanke kwanaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mutumin Gusau ne. Innata ta faɗi a bayan gida ta karye a ƙugu, muka kawo ta wani babban asibiti a Sakkwato ranar Litinin, yau kwananmu 15. Kwana biyar na farko ba mu san matsayinmu ba, yau a ce hoto, gobe a ce wataƙila a tura mu Kano. A rana ta shida da safe likita ya ce sai hawan jininta ya sauka za a yi tiyata, kuma mu shirya zaman aƙalla sati uku. Tun zuwanmu kasaru nake yi, don na ji wani karatu a waya cewa matafiyi matafiyi ne har ya koma gida, kuma ni ban yi niyyar zama ba, dole ce ta zaunar da ni. Wani dattijo da ke jinyar ɗansa kusa da mu ya ce sallolina ba su yi ba. Sannan iyalina ta haihu ranar Alhamis da hantsi, suna Alhamis mai zuwa, tiyatar Inna kuma Laraba. In na je suna na dawo, yaya sallata?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ba Inna lafiya, ya raya abin da aka samu a kan sunna. Barka.

Gusau zuwa Sakkwato tafiyar kasaru ce, ta ninka mil 48 da malamanmu suka iyakance. Kwanaki biyar ɗin farko ma kasarunka daidai ne, domin wanda yake cewa yau zan tashi, gobe zan tashi, hukuncin matafiyi bai rabu da shi ba.

Inda magana take shi ne safiyar rana ta shida. Ka ce ba ka yi niyya ba, dole ce. Ɗan'uwa, na gane abin da kake nufi, zuciyarka tana Gusau wajen mai jego. Amma niyya a wannan babi ba ta nufin son zama. Malaman Malikiyya sun ce abin da ke yanke kasaru shi ne niyyar zaman kwana huɗu cikakku, masu ɗauke da salloli 20, kuma suka haɗa da sanin cewa bisa al'ada za ka yi waɗannan kwanaki ko ba ka ƙudura ba. Likita ya ce sati uku, kai kuma ka san ba za ka tafi ka bar mahaifiyarka a kan gado ba. Daga wannan lokaci ka zama mazauni. Dattijon nan ya fi ka gaskiya, sai dai ya haɗa har da kwanakin farko, su kuwa lafiyarsu ƙalau.

Karatun da ka ji ba ƙirƙira ba ce. Ra'ayi ne na Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, kuma Shaihu Ibnu Usaimin ya bi shi a kai, Allah ya ji ƙansu. Hujjarsu ita ce Annabi (SAW) ya zauna Makka a shekarar buɗe ta, ta 8 bayan hijira, kwana 19 yana kasaru, ya zauna Tabuka a shekara ta 9 kwana 20 yana kasaru, Abdullahi ɗan Umar kuma ya yi wata shida a Azarbaijan yana raka'a biyu. Ban ga waɗannan sun kai inda ake son kai su ba. Makka da Tabuka zaman yaƙi ne. Mai jiran abokin gaba ba shi da ranar tashi, ko da tsakar dare labari ya zo sai a ɗaura sirdi, kuma daga Makka ɗin aka fita zuwa Hunaini. Ɗan Umar ƙanƙara ce ta toshe musu hanya, jiran buɗewarta suke. Wannan duk siffar kwanakinka biyar na farko ce. A cikinsu babu wanda aka ce masa ga adadin kwanakinka sannan ya ci gaba da kasaru.

Masu wancan ra'ayi za su ce ai Annabi ya san gyara al'amarin Makka ba zai ƙare cikin kwana huɗu ba. Wannan hasashe ne a kan abin da ke zuciyarsa, ba a ruwaito ya faɗa ba, kuma ba a barin asalin salla mai raka'a huɗu saboda hasashe. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai nassi: ya yi wa Muhajirai izinin zama a Makka kwana uku kacal bayan gama aikin hajji, alhali an hana su komawa zama cikinta. Ashe kwana uku ba zama ba ne a idon shari'a, abin da ya haura shi ne zama. Sa'idu ɗan Musayyibi ya ce wanda ya ƙudurta kwana huɗu ya cika salla, Imamu Malik ya kawo maganar a Muwaɗɗa ya ce ita ce mafi soyuwar abin da ya ji.

Ka kuma duba inda wancan ra'ayi yake kaiwa a ƙasarmu. Yaron da ya tafi Zariya karatun shekara huɗu, da ɗan ci-ranin da ke wata biyar a Legas, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi, duk sai su yi ta raka'a biyu shekara da shekaru. Raina bai natsu da wannan ba. A mas'alarka ma ba sai an je nesa ba: Shafi'iyya da Hambaliyya suna kusa da mu a kwana huɗu, Hanafiyya da suka fi kowa faɗaɗawa sun tsaya a kwana 15, kai kuwa 21 aka yanke maka. Mazhabobi huɗun duka cikawa suka ce.

Saboda haka ka fara cikawa daga yau, ka rama Azahar, La'asar da Lisha na kwana tara, salla 27 ke nan. Ka cire duk wadda ka bi limamin masallacin asibiti ka cika tare da shi, ka cire Azahar ɗin Juma'a in ka halarci Juma'a. Ka rama su a jere, dare ko rana, gwargwadon yadda jinya ta ba ka sarari. Zunubi ba ka da shi in Allah ya so, ba da gangan ka yi ba. Sai dai nan gaba guntun karatu na minti biyu da aka turo a WhatsApp kada ya zama madogararka a kan salla. Ba ka ji farkonsa ba, ba ka ji ƙarshensa ba, malamin kuma bai san halinka ba.

Maganar suna: in ka tafi, kasaru a hanya, ka cika da shigarka Gusau ko da kwana ɗaya za ka yi, kasaru a hanyar dawowa, ka cika a Sakkwato tunda sauran zaman ya haura kwana huɗu. Amma da ni ne kai, ba zan je ba. Tiyata Laraba, suna Alhamis, ma'ana ko ka bar ta tana farfaɗowa daga allurar barci, ko ka kama hanya da yamma. Kowa ya san halin hanyoyinmu na Zamfara in rana ta faɗi. Raɗa suna da yanka rago duk suna karɓar wakilci. Ka tura kuɗin, ka faɗa wa baffanka ko yayanka sunan da ka zaɓa, ka kira mai jego da kanka ka ba ta haƙuri da baki mai daɗi, kada ta ji daga bakin dangi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi damuna. Inna tana salla kuwa? Na sha ganin masu jinya suna kula da sallarsu, majinyacin kuma a ce sai ya warke ya rama. Muddin tana cikin hankalinta salla na kanta. In ruwa zai wahalar da ita ka kawo mata dutse mai tsarki ta yi taimama, ta yi sallar a kwance da nuni. In an sa mata robar fitsari, abin da ke zuba ta ciki ba ya karya mata alwala. Ranar tiyata, in za a shiga da ita bayan rana ta karkata kuma ana tsoron La'asar ta wuce ba ta farka ba, ta haɗa Azahar da La'asar kafin a shiga. Kai ma in Juma'a ta zo babu wanda zai tsaya a kanta, jinya uzuri ce, ka yi Azahar raka'a huɗu a gefen gadonta.

Ka gaishe min da ita, da dattijon maƙwabcinku, Allah ya tashi kafaɗun nasa yaron. Wallahu a'alamu.