Takardar aurena ta ƙone a Sudan, ƙannen mijina sun ce ba su san ni ba

Tambaya: Barista, a Omdurman aka haife ni, a can aka ɗaura mana aure da wani mutumin ƙasar Ringim. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 muka gudo ta Masar da 'ya'ya uku, daga mu sai kayan jikinmu. Takardar auren ta ƙone da gidanmu, ofishin da aka yi rajista ma an ce ko fayil ɗaya bai tsira ba. Bara maigidan ya rasu. Yanzu ƙannensa za su raba gonaki, wai sai na kawo takarda.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Malama, ki kwantar da hankalinki, wuta takarda ta ci, ba ta ci igiyar aure ba. Gado a Jigawa hurumin kotun Shari'a ne, kuma a fiƙihun Malikiyya da ake bi, ana tabbatar da aure da shaidu biyu adalai. Idan waɗanda suka halarci ɗaurin auren yaƙi ya tarwatsa su, akwai shaidar ji: mutanen kirki su ce sun daɗe suna ji a bakin jama'a cewa ke matar wane ce. 'Ya'yan da aka haifa a shimfiɗarsa kuwa nasa ne.

Ga abin da nake zargin ya sa suke neman takarda. Idan akwai namiji cikin 'ya'yanki, ya katange baffanninsa, ko kunya ɗaya ta gona ba za su samu ba. Ke kina da tumuni, iyayen mamaci in suna raye kowa sudusi, saura na yara. In mata ne zalla, sulusi biyu nasu, sai abin da ya rage bayan masu rabo ya koma ga ƙannen, in mahaifin mamaci ba ya raye; in yana raye, shi ma ya katange su.

Ki fara daga gida. A ɗakin wa kika yi takaba? Wa ya zauna karɓar gaisuwa, ana nuna ki ana cewa ga matar marigayi? Mai unguwa da limamin da ya sallaci gawar sun gani. Ki duba WhatsApp, saƙon murya ɗaya da ƙanensa ya kira ki matar Yaya yana da amfani, kada ki sayar da wayar nan. Waɗanda kuka shigo jirgi ɗaya da su, ki nemi lambobinsu yanzu, tun ba su sake nisa ba.

Sai ki shigar da ƙara, ki roƙi alƙali ya dakatar da rabo da sayar da gona har a gama shari'a. Duk takardar sulhun da aka kawo miki a zaure, kada ki dangwala mata yatsa sai an karanta miki ita a gaban wanda kika amince da shi. In hukunci bai yi miki ba, akwai ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Dutse.

Batun yara, sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Ki yi takardar rantsuwa a kotu kan ranakun haihuwarsu da yadda takardun suka salwanta, ki karɓo musu shaidar asalin ƙaramar hukuma, sannan a yi musu NIN. Ke kanki sashe na 26 ya ba ki damar neman zama 'yar ƙasa ta rajista, rasuwarsa ba ta soke wannan damar ba.