Na kusa ritaya a Ingila kuma tsoro ya hana ni barci, in zauna ne ko in koma Kano?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara amma a sakaya sunana. Shekarata 61, ɗan Kano ne ni, nas ne a wani asibitin gwamnati a nan Ingila, yau shekara 24 kenan ina aiki. Ina da takardar zama ta dindindin wato ILR amma ban taɓa neman fasfonsu ba saboda kullum a raina gida zan koma. Yanzu ritaya ta matso kuma wallahi tsoro nake ji ta ko'ina. In na zauna ina tsoron a kai ni gidan tsofaffi in mutu a hannun waɗanda ko kalmar shahada ba za su laƙƙana min ba, in na koma kuma ina da ciwon suga da hawan jini, ga yarana uku duk a nan suka tashi ba mai niyyar bina, uwargida ma in na ɗauko maganar sai tai shiru. Na fara gini a Kano ba a gama ba. Fanshona zai bi ni? Ya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya ya sa a gama aiki lafiya. Wannan tsoron naka ba raunin imani bane, kusan duk wanda ya daɗe a waje in ya doshi sittin sai ya kwana da shi, kawai dai mutanenmu ba sa faɗa ne. Amma kaga ka haɗa abubuwa da yawa a waje ɗaya, akwai na takarda akwai na kuɗi akwai na jiki akwai na kabari, kuma wasu a ciki da biro da fom ake maganinsu cikin 'yan watanni, to bari mu fara kawar da waɗannan tukuna don mu ga abin da ya rage.

Maganar ILR ita ce ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarka. Sunanta ne kawai dindindin, in ka bar ƙasar ka yi fiye da shekara 2 a jere baka shigo ba ta mutu, sai dai ka nemi bizar mai dawowa zama kuma ba dole bane a baka. Ka ɗauka ka koma Kano kana da shekara 67, ka yi shekara uku lafiya lau, sai ƙoda ta fara ba da matsala, 'ya'yanka na Ingila suna kuka suna cewa Baba taho, kai kuma sai ka bi layin biza kamar wanda bai taɓa taka ƙasar ba bayan ka ba su ƙuruciyarka gaba ɗaya. Fasfo shi baya mutuwa don ka daɗe a waje. Kuma kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana wanda aka haifa ɗan ƙasa riƙe fasfo biyu ba, don haka koren fasfonka na nan ba wanda zai taɓa shi. Na san abin da ke hana dattawanmu, gani suke kamar in sun karɓa sun sallama gida kenan, ni kam ban yarda da wannan ba sam, takarda ce ta shiga da fita, Kano kuma tana cikin jininka. Kuma ka nema yanzu tun kana zaune, saboda cikin sharuɗɗan akwai kada ya zama ka yi fiye da kwana 450 a waje cikin shekara 5 da suka wuce, ko fiye da kwana 90 a shekarar ƙarshe, kaga in ka fara doguwar tafiya gida kafin ka nema kai da kanka ka ɓata lissafin. Kuɗin ya haura fam 1,500, akwai 'yar jarrabawar sanin ƙasa da ake ɗauke wa wanda ya kai 65, amma kar ka zauna jiran wannan. Ka duba na uwargida ma, ita wace takarda gare ta.

Sai fansho. Eh zai bi ka, gwamnatin Birtaniya na biyan fanshonta ko'ina mutum yake a duniya, amma akwai wani abu da mutane da yawa ba sa sani sai sun riga sun kwashe kaya. In kana zaune a Najeriya ba a yi maka ƙarin shekara-shekara, adadin da ka tafi da shi a kansa za ka tsaya har ƙarshen rayuwa. Wanda ya koma Amurka ko Turkiyya ko Jamaika ko ƙasashen Tarayyar Turai ana masa ƙarin saboda akwai yarjejeniya, Najeriya da Ghana da Kanada da Ostireliya babu. Don ka ga girman abin, a watan Afrilun 2016 da aka fara sabon tsarin cikakken fansho fam 155.65 ne a mako, a Afrilun 2025 ya kai fam 230.25, to wanda ya tafi gida a 2016 har yau 155.65 ɗin nan yake karɓa, a lissafin 2025 kusan fam 75 kenan duk mako yana wuce shi. In mutum ya dawo da zama Ingila ana mayar da shi kan sabon adadi, amma na baya ya tafi kenan.

Kai da aka haifa bayan farkon Maris na 1961 sai ka cika 67 za ka fara karɓa. Ana buƙatar shekara 10 na biyan National Insurance, wato kuɗin inshorar ƙasa da ake cirewa daga albashi, kafin a ba mutum ko kwabo, 35 kuma kafin a samu cikakke, kai kana da wajen 24, in ka ci gaba da aiki har 67 ka kai 30. Sai dai fa kar ka yi lissafin da kanka, ma'aikatan NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati da kake wa aiki, kafin 2016 ana cire musu kaso mai sauƙi ne saboda suna cikin fanshon ma'aikata, wannan na rage abin da za a ƙirga maka. Ka shiga shafin gwamnati na gov.uk ka ciro takardar hasashen fanshonka, kyauta ce, za ta nuna maka nawa za ka samu da shekarun da ke da giɓi, kuma ana iya cike giɓin shekara 6 na baya da kuɗi. Fanshon NHS ɗinka kuma shi daban ne da na gwamnati, da dokokinsa, kuma ga mai shekara 24 a aiki mai yiwuwa ma shi ne babban, ka rubuta musu su ba ka adadi a rubuce da yadda suke biyan wanda ke zaune a waje. In ka koma kuma duk sanda suka aiko takardar tabbatar da kana raye ka cike ka mayar da wuri, in ba haka ba tsayar da kuɗin suke.

Za a ce maka ai fam a Kano sarki ne, kuma da gaskiya a ciki, bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023 kasuwa ta riƙa yanke mata farashi, a 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000. Amma a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari, buhun shinkafa da man janareto da kuɗin magani duk sun bi sahu, sannan kai ba kai kaɗai za ka ci fanshon nan ba, ka fi ni sani, ranar da ka sauka ka zama bangon dangi, bikin wance, kuɗin makarantar wane, mara lafiya a ƙauye, kuma ba za ka iya cewa babu ba tunda daga Turai ka dawo. Ka sa wannan a kasafi tun yanzu da adadinsa, ka ƙayyade.

To yanzu ga inda nake so mu daɗe, maganar jiki. Suga da hawan jini a shekara 61 abu ne da ake zama da shi lafiya in ana bin magani, kai ma'aikacin lafiya ne ba sai na koya maka ba, amma ka san inda suke kai mutum in shekaru sun ja, ƙoda, ido, ƙafa, shanyewar ɓarin jiki. A Ingila maganinka kyauta ne yanzu haka tunda ka wuce 60. NHS kuma da zama take aiki, ba da fasfo ba kuma ba da yawan harajin da ka biya ba, ranar da ka tattara ka koma Kano da zama ka fita daga cikin masu jinyar asibiti kyauta ko da fasfon Birtaniya a aljihunka, in ka zo ziyara aka kwantar da kai za a iya cajinka har kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin, sashen gaggawa da ganin likitan unguwa ne kawai kyauta. Amfanin fasfon shi ne duk ranar da ka dawo da niyyar zama haƙƙinka ya dawo. A Kano akwai ƙwararrun likitoci, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ake wankin ƙoda har da dashe, amma yawancin abin daga aljihu ne, wankin ƙoda kuma sau biyu ko uku ake yi a mako ba hutu, shi ne yake cinye gida da gona. Sannan insulin na son sanyi, kaga maganar sola da firji a gidan nan naka ta zama maganar magani kenan.

Amma duk wannan ba shi ne ainihin tambayarka ba Alhaji. Tambayar ita ce ranar da ba za ka iya zuwa banɗaki da kanka ba, wa zai kama ka. Ka zauna kai kaɗai ka amsa da suna, ba "dangi" ba, suna. Mu da muka daɗe a waje muna riƙe da hoton gida na ranar da muka baro shi, zaure cike, ana kai wa tsoho koko da safe, jikoki na danna masa ƙafa, to ka tambayi kanka su wa suka rage, iyaye sun tafi, abokan da kuke zaman majalisa wasu sun rasu wasu suna fama da nasu, 'ya'yan ƙannenka suna girmama ka amma ba su san ka ba sai ta Western Union. Da aka ce kowa ya bar gida gida ya bar shi ai ba zagi bane. Akwai wanda in ya koma da gaske akwai ƙanwa ko ɗan ɗan'uwa da zai tsaya masa tsakani da Allah, kuma da fanshon fam zai iya ɗaukar mai kula da shi dare da rana a cikin gidansa, yana jin kiran sallah daga kan gadonsa, abin da a Ingila sai attajiri, wannan komawa ta fi masa nesa ba kusa ba. Akwai kuma wanda duk masu ƙaunarsa na haƙiƙa suna Manchester ne ko Leeds, shi in ya koma gidan sama mai ɗaki takwas zai zauna shi da maigadi. Ni ban san wanne ne kai ba, kai ka sani.

Gidan tsofaffin da kake tsoro kuma ba kama mutum ake a kai shi ba muddin yana cikin hankalinsa, kuma ana iya kawo masu kula har gida. Abin da ya kamata ka sani shi ne ba kyauta bane kamar asibiti, in dukiyarka ta wuce fam 23,250 kai za ka biya, kuma a wurare da yawa yana wuce fam 1,000 a mako, sai dai ba a lissafa gidan da matarka ke zaune a ciki. Ka tara yaran nan ka faɗa musu abin da kake so baki da baki, sannan ka yi takardar wakilci ta doka da za ta ba wanda ka yarda da shi ikon yanke hukunci kan lafiyarka da kuɗinka in hankali ya gushe. Yaranmu da suka tashi a can ba marasa tausayi bane, rashin faɗa musu ne yake sa su yi abin da suka ga maƙwabta na yi.

Kabari kam ka kwantar da hankalinka. Ƙarshen Suratu Luƙman ya gama magana, babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu, Abu Ayyubal Ansari da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina ai a Istanbul yake kwance. Akwai maƙabartun Musulmi a Ingila kamar Gardens of Peace a gabashin Landan, masallatai da yawa na da kwamitin jana'iza da asusun da ake zubi, ka shiga ɗaya. Wanda ya fi wannan gaggawa shi ne wasiyya, in ka rasu baka rubuta ba dokar Ingila ce za ta raba abin da ka bari a can, mata ta ɗauki fam 322,000 na farko da rabin saura, 'ya'ya maza da mata su raba ragowar daidai, ba ruwanta da rabon gado na shari'a. Ka samu lauya da ya saba rubuta wasiyyar Musulmi.

Shirun uwargida kuma amsa ce fa. Ita 'ya'yanta da jikokin da take jira suna Ingila, kuma in ta koma ta san hidimar dangin miji da baƙi a kanta za ta ƙare tana da shekara kusan sittin. Kar ka kawo mata maganar a matsayin hukuncin da ka riga ka yanke, ka tambaye ta me take tsoro, za ka iya tarar da cewa wata huɗu a Kano lokacin sanyin Ingila, sauran a wajen yara, ya ishe ku ku duka, kuma muddin asalin zamanku na Ingila ne asibitinku da ƙarin fanshonku na nan.

Ginin nan ka dakata da tura kuɗi sai ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike, ka duba takardun filin da sunan wa suke, ka gama ƙasa kawai da ɗakinka da banɗaki mai faɗi ba matakala, saman ya jira. Bayan fasfo ya fito ka ɗauki hutu mai tsawo ku je tare da ita, kuma ba a Disamba ba da gari ke da daɗi ana ta bukukuwa kowa na nan-nan da ku, ku je a Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka sayi maganinka a can, ka ga likita a can, ka rubuta duk abin da ka kashe har na masu zuwa gaisuwa, ka kuma lura su wa ke ci gaba da zuwa bayan sati uku da tsaraba ta ƙare. In takardar hasashen fanshon ta fito ka turo min adadin da shekarun da suka ƙirga maka mu duba ko cike giɓin zai biya kuɗinsa. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.